Taku Tara Tsakanina da Yaya

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan ke jawo wa mutum. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah. In tana nemana sai ta ce da ɗaya daga cikin ƙannena, "Je ka ce da wancan tuwonsa na hucewa." In kuwa ba kowa a gidan sai ni da ita, bango take fuskanta ta yi maganarta, ni kuma in tsinci abin da ya shafe ni a ciki. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na yi wayo, na ji ƙannen mahaifiyata suna ce mata Yaya, ni ma na bi bakinsu. Ƙannena duka Inna suke ce mata. Ni kaɗai nake cewa Yaya.

Kunya ce, ba sai an gaya mini ba. Na shekara ashirin da wani abu ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, kuma in aka zo bayanin al'ada na iya jero shi tiryan-tiryan: uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta faɗar sunansa, ba ta zama kusa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Na faɗa wa yara haka ya fi a ƙirga. Amma wallahi abin yana ci mini rai tun ina ƙarami, kuma furfura ba ta sa na daina jin zafinsa ba.

Ranar sadakar bakwai ne abin ya ƙure ni. Bayan masu gaisuwa sun ragu, muka zauna a tsakar gidanmu na Matameye, ƙannena maza da suka dawo daga cin rani da ƙannena mata da suka zo daga gidajen aurensu. Kowa ya fito da salularsa yana nuna hotonsa da ita. Wannan tana riƙe da ɗansa ranar suna, wancan tana dariya ya sa mata tabaransa na Kano, autarmu kuwa ga ta zaune a gefenta bisa tabarma, hannun Yaya a kafaɗarta. Ni ma na ciro tawa na yi ta ja da yatsa. Babu. Ko ɗaya babu. A hotunan taro ina wannan ƙarshe tana wancan, akasari ma ba ta ciki, don duk ranar da aka ɗaga waya na matso, a lokacin take tunawa ta bar tukunya a wuta. Na mayar da salular aljihu na ce cajina ya ƙare.

Abin da nake so ba shi da yawa. Hoto ɗaya, ni da uwar da ta haife ni, wanda zan rataya a ɗakina in duba in ce wannan matar ta san da ni. Shi ne ya kai ni wurin mai hoto.

Shagonsa yana kusa da tasha, tsakanin wani mai facin taya da mai sayar da igiya. Ya girme ni da ƴan shekaru. Da ƙuruciyarsa ya tafi Kano cin rani da niyyar tura ruwa, Allah ya haɗa shi da wani gidan hoto, ya fara da shara, ya ƙare da zama gaban kwamfuta. Da ya dawo gida ya taho da tsohuwar kwamfuta ɗaya da injin wanke hoto, da kuma wani hali da ya gallabi garin nan: tambaya. Ka kai masa hoto, maimakon ya karɓa ya ce ka dawo gobe, sai ya tsare ka. Da wane lokaci aka ɗauka? Rana tana ta ina? A ɗaki ne ko a waje? Wannan tabon na goshi, na takarda ne ko na mai fuskar? Mutane suna ƙorafi, suna cewa samari da salula a minti ɗaya suke gama abin da yake kwana uku a kai. Gaskiya ne, suna gamawa, fuska ta fito sumul kamar ɓararren ƙwai, uwar mutum ma sai ta yi tambaya kafin ta gane shi.

Na taɓa ganin aikinsa da idona, shi ya sa ban nemi wani ba. Wani dattijo daga Dawce ya kawo hoton mahaifinsa, gara ta cinye rabin kunci da gefen hula. Ina zaune ina jiran kwafin takardun makaranta na ga ya jawo hoton kusa a allon kwamfutar, ya yi ta jawowa har fuskar ta zama ɗigo-ɗigo kamar tsabar gero. Sai ya riƙa ɗibar fata daga kuncin da ya tsira, kaɗan-kaɗan, yana cike ramin da gara ta bari. Na ce masa, "Malam, me zai hana ka juya lafiyayyen gefen gaba ɗaya ka liƙa, ka huta?" Ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Mushe, ba mutumin da gefen fuskarsa biyu suke daidai. In na yi haka, wani mutum zan ba shi, ba ubansa ba." Da ya iso wurin tsagar gado da ke kuncin, sai ya tsaya ya tambayi dattijon guda nawa ne, kuma ta ina suka karkata. Dattijon ya tuɓe rawaninsa ya nuna nasa. Da nasa aka gwada aka mayar wa mamacin.

Masu cin rani ma suna zuwa, a tsayar da su gaban bene ko jikin mota don a aika wa budurwa. Yana yi musu, ba ya wa'azi. Abin da ba ya yarda da shi kawai, mutum ya tsaya ba inuwa. Ya ce ƙarya ma in za a yi ta, a sa mata ƙafa a ƙasa.

Na kai masa hoto biyu. Ɗaya na Yaya da autarmu bisa tabarma, ɗaya nawa cikin babbar riga ranar rabon sakamako a makarantarmu ta Icirnawa. Na ce, "Ka cire auta, ka sa ni a wurinta. Hannun nan da ke kafaɗarta, ka bar shi a kafaɗata."

Ya daɗe yana kallon hoton Yaya. Ya zo mana gaisuwa, ya san gidanmu. Ya ce, "Mushe, ba kai ne na fari ba?"

Na ce, "Ina ruwanka da na fari da na ƙarshe? Aiki na kawo maka."

Ya ce, "To."

Daga nan bai sake ce mini uffan a kan wannan ba, sai aiki. Da farko ma hotona ya ƙi karɓa. Ya ce a hoton Yaya rana ta hagu take bugowa, hantsi ne, ga inuwar hancinta ta faɗi dama. Ni kuwa an ɗauke ni da tsakar rana, inuwa ta taru a ƙarƙashin idona da haɓata. In ya haɗa mu haka, ko yaro ya duba zai ji wani abu bai yi ba, ko da bai san mene ne ba. Ya ce in dawo gobe da hantsi. Na yi tsaki, amma na dawo. Ya shimfiɗa tabarma a bayan shagon, ya zaunar da ni, ya yi ta juya ni kamar mai gasa masara har rana ta zauna a kuncina na hagu. Ya kafa kyamara bisa ƙafafunta, ya saita ta ta ɗauka da kanta, ya zo da sauri ya dafa kafaɗata. Na ce, "Kai kuma fa?" Ya ce riga ba ta zama a miƙe in an dafa ta, tana lotsawa, kuma wannan lotsawar ba a iya zana ta da kyau, sai dai a ɗauko ta.

Kwana uku ina zuwa ina zama a bayansa, in kuran, wato lantarki, ya ɗauke mu fita mu sha shayi, in ya dawo mu koma. Na ga yadda yake jera aikin hawa-hawa, kamar zane bisa zane: bango da tabarma a ƙasa, ni a bisansu, hannun Yaya a bisana, kowanne yana iya ɗaga shi ya duba abin da ke ƙarƙashi ba tare da ya ɓata saura ba. Ya yanke ni daga hotona yana bin gefen riga a hankali, ya tausasa bakin yankan don kada in fito kamar an datse ni da almakashi. Ya goge hannunsa daga kafaɗata, ya ɗauko na Yaya yatsa bayan yatsa, har zobenta na azurfa da lallen da ya fara kwaɗewa, ya kwantar da su cikin lotsawar rigar. Ƙarƙashin kowane yatsa ya shafa ƴar inuwa siririya. Daga ƙarshe ya yi abin da ya ba ni mamaki: ya rage wa hotona kyau. Ya ce salular da ta ɗauki Yaya ƙarama ce, hotonta da ɗan dishi-dishi, in na fito tas kusa da ita asiri ya tonu. Sai ya barbaɗa mini irin dishin nata, ya ɗan ja launina ya koma irin na ranar da ba na wurin.

Da ya wanke hoton ya miƙo mini, sai na ƙura masa ido. Ga ni ga Yaya, gwiwata kusa da tata, hannunta a kafaɗata, tana murmushi. Ko kusa ba ka ganin wurin haɗi. Na ce masa, "Malam, kai ba mutum ba ne." Ya ce, "Allah ya sa a yi murna da shi." A lokacin ban kula da yadda ya faɗi maganar ba.

Ban zame ko'ina ba sai gidanmu, wurin ƙanwar mahaifiyata da muke ce wa Inna Ƙarama. Tun da mijinta ya rasu ta dawo ta zauna da yayarta, kuma yanzu ita ta rage mana. Na same ta tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa mata hoton ina wani washe baki.

Ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta nisanta shi da ido, ta matso da shi. Sai na ga fuskarta ta sauya.

Ta ce, "Wace ce wannan marar kunyar da ta ari fuskar Yaya?"

Na ce, "Haba Inna, ita ce mana. Haɗawa aka yi."

Ta ce, "Na ga haɗawa aka yi, ai ban makance ba. Ina ka kai auta? Kuma yaushe Yaya ta taɓa dafa ka? Kai, tir! Abin da baiwar Allah ta riƙe shekara arba'in da ɗoriya, ko sau ɗaya ba ta saki ba, ka jira ƙasa ta rufe mata ido ka sa inji ya kwance mata? In matan unguwa suka ga wannan, ita za su yi wa dariya, ba kai ba."

Zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "To ni ba ɗanta ba ne? Kowa yana da hoto da ita sai ni? Daga sama na faɗo?"

Ta kife hoton bisa tabarma, ta ɗora faifai a kai. Ta ce, "Ɗanta ne kai, shi ya sa. Tashi ka ba ni wuri, ƙato da kai har da furfura."

Na zare hotona na fito raina a ɓace, kuma abin da ya fi ƙona ni, na san gaskiyarta. Tun a hanya na ciro hoton na sake dubawa, sai na ga matar da ke ciki ba ta yi kama da wadda na sani ba. Fuskar tata ce, zoben nata ne, amma Yaya ba ta taɓa zama haka kusa da ni ba, kuma murmushin na auta ne na sata. Da ba ni da hoto, abin da sauƙi. Yanzu ga shi a hannuna, yana gaya mini ƙiri-ƙiri cewa sai da aka yi kwana uku ana aiki kafin uwata ta taɓa ni.

Da yake mutum ba ya son laifinsa, mai hoto na je na sauke wa. Na jefa masa hoton bisa tebur na ce ya ja mini zagi. Ko a jikinsa. Ya gama ɓare goronsa ya ce, "Na san za a yi haka."

Na ce, "Ka sani, shi ne ka bar ni na tafi da shi?"

Ya ce, "Na tambaye ka, ka ce ina ruwana."

Ya turo mini kujera da ƙafa. Ya ce, "Zauna, Mushe. Ni ma na fari ne. Tawa tana nan da ranta, ko jiya da na je gaishe ta, turmi ta amsa wa." Duk da haushin da nake ji sai da na yi dariya. Ya ce, "Ka je ka tattaro mini duk hoton da aka ɗauka a taron da kai da ita kuke wurin. Biki, suna, Sallah, komai. Kada ka zaɓa. Wanda ya yi duhu, wanda ya girgiza, wanda aka yanke wa mutum kai, wanda bango kawai aka ɗauka, duka nake so."

Na ce, "Ai na duba, ba ma tare a ko ɗaya."

Ya ce, "Kai fuska kake dubawa. Ka kawo dai."

Na bi ƙannena ɗaya bayan ɗaya. Na Kano ya turo, na Legas ya turo yana mita, mata suka ciro memwar daga tsofaffin wayoyi suka ba ni a ƙulle cikin leda. Hotuna rututu, mafi yawansu shirme. Na kai masa na koma Icirnawa bakin aiki, na ma fid da rai. Sai bayan mako biyu, ranar kasuwa, ina wucewa ta tasha ya ƙwala mini kira.

Ya buɗe hoto biyu a allon, gefe da gefe. Duka daga bikin autarmu ne, wata biyar kafin rasuwar, kuma duka daga salular matar ƙanena. Na farko mata ne zaune ƙarƙashin bash, tamfol ɗin da aka kafa rumfa da shi a tsakar gida, ya yi duhu ƙwarai, kusan ba a gane kowa. Na biyu kuwa ban san me ya hana ta goge shi ba: bango ne da ƙofar zaure, da wani mutum ya ba da baya, tsaye bisa benci, hannuwansa a sama yana ɗaure igiya.

Ya ce, "Ka san rigar nan?"

Tawa ce, shuɗiyar shaddata. Na tuna, iska ce ta kwance igiyar bash ɗin bayan la'asar, na hau tsohon bencin nan mai rawa na ɗaure ta.

Ya ce, "Dubi gefen hoton farko, can ƙasa." Na duba, jelar zakara ce. "Dubi gefen na biyu." Ga zakaran, ja, kansa da ƙirjinsa. Ya nuna mini igiyar ta fita daga wannan ta shiga wancan, ga gefen rumbu a duka biyun, ga lambar hotunan ɗaya na bin ɗaya. Ya ce matar ƙanena tana tsaye wuri guda ne, ta ɗauki mata, ta ɗan juya ta sake dannawa, ko zakaran bai gama taku ba.

Ya jawo su ya haɗa baki da baki. Ya ɗan karkata ɗaya har gefen rumbun ya hau kan gefen rumbun, igiya ta sadu da igiya, jela ta koma jikin zakara. Ɗaya ya yi haske da yawa, ɗaya ya yi duhu, sai ya riƙa rage wa wannan yana ƙara wa wancan har ƙasar tsakar gidan ta zama launi guda. Tsakar gidanmu ta fito gaba ɗaya, daga rumfa har zaure. Sannan ya kewaye wurin duhun nan na ƙarƙashin bash shi kaɗai, ya fara ɗaga haskensa. A hankali yake yi, ya ce in aka yi gaggawa fuska tana farfashewa ta zama burtsatse. Ya ƙara kaɗan, ya tsaya, ya share ƙurar launin da ta taso, ya sake ƙarawa. Mata suka fara fitowa daga duhu, ɗankwali, goshi, haƙora. Duk suna kallon mai ɗauka suna dariya.

Sai mace ɗaya a gefe, kusa da turmi. Ita ba ta kallon waya. Ta juya kanta gaba ɗaya wajen zaure, bakinta a ɗan buɗe, girarta a haɗe, hannunta ɗaya ya tashi daga cinyarta ya tsaya a iska, kamar wadda za ta tare abin da ke shirin faɗuwa. Yaya ce.

Da na buɗe baki, maganar banza na yi. Na ce, "Kai ka juya mata kai. Na ga abin da ka yi da hannunta."

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci ba sai ranar. Ya ajiye goron da ke hannunsa. Ya ce, "Mushe, wancan ka sa ni na yi, kuma a gabanka na yi. Wannan ban taɓa ko gashin idonta ba." Ya riƙa ɗaga hawan aikin ɗaya-ɗaya har ya koma kan hoton asali, baƙi ƙirin, ya ce in kafa ido. Da na san inda zan duba, sai na ga inuwar kan a juye take tun asali. Bai tsaya nan ba. Ya tashi ya ja ƙofar shago, ranar kasuwa guda, masu jiran hoton katin ɗan ƙasa suna ta kiransa, ya ce in wuce mu je gidan.

Inna Ƙarama ta tafi kasuwa, gidan ba kowa. Ya tsaya inda matar ƙanena ta tsaya, ya ɗaga hoton ya gwada da rumbu da bango. Ya ce in zauna kusa da turmi, nan, a'a, matsa kaɗan, nan. Shi kuma ya je ƙofar zaure ya jawo bencin, yana nan da rawarsa, ya hau ya ba ni baya ya ɗaga hannu. Ya ce, "To juya kanka yadda ta juya nata. Me kake gani?"

Ba komai a wajen. Ba ƙofar ɗaki, ba murhu, ba randa. Bango ne kawai, da mutum bisa benci mai rawa. Ina kallonsa bencin ya ɗan gyaɗa, sai na ji hannuna ya tashi daga cinyata da kansa.

Na tashi na taka daga turmin zuwa bencin ina ƙirgawa, don kada ya ga fuskata. Taku tara ne. Da muka koma shago, wautar ba ta gama sakina ba, na ce, "Malam, ba za a ɗan rage tsakanin ba? Filin nan ya yi yawa."

Ya ce, "Za a iya, aikin minti biyar ne. Amma da kana kusa da ita, ƙasa za ta kalla. Nisan ne ya ba ta dama. In na cire shi, me ya rage maka?"

Ya wanke shi dogo, ya sa masa katako da gilashi. Ko zakaran bai cire ba, ya ce shi ne shaida.

Wannan karon ban washe baki ba da na kai wa Inna Ƙarama. Na ajiye a gabanta na koma gefe, na shirya wa faɗa. Ta ɗauka ta fara daga rumfa, tana kiran matan ɗaya-ɗaya, wance ga ta, wance Allah ya ji ƙanta. Sai ta iso kan Yaya. Ta bi inda idon ya nufa da ɗan yatsa, ta ratsa tsakar gidan, ta wuce zakara, ta tsaya a bayan shuɗiyar riga.

Ta ce, "Wannan kam ita ce."

Na ce, "Sau ɗaya dai aka dace, Inna."

Ta ɗago ta yi mini wani kallo. Ta ce, "Sau ɗaya? Kai dai sakarai ne, da karatunka da komai. Haka take kallonka duk ranar da ka ba ta baya, tun kana rarrafe. In ka fita lakwal, a ƙofar zauren nan take laɓewa har ka sha kwana. Tuwon da ake ce maka yana hucewa, ka taɓa ganin an ajiye wa wani irinsa? Kowa a gidan nan ya sani. Kai kaɗai ne ba ka da ido a ƙeya."

Na yi ta maza na kasa. Na kifa kaina a gwiwa, ƙato da ni har da furfura, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Inna Ƙarama ba ta rarrashe ni ba, ta ci gaba da goge gilashin da bakin zanenta.

Wancan na farko na bar wa mai hoto, na ce ya maido auta wurinta. Ya ce dama bai goge ta ba, tana nan a ƙarƙashi, ɗaga ni kawai zai yi. Wannan kuwa yana rataye a ɗakina. Baƙi sukan tsaya su duba su ce, "Mushe, ina kake a ciki?" Sai in nuna musu bayan shuɗiyar riga. Su ce kash, da ka juyo. Ni kuwa in ce alhamdu lillahi da ban juyo ba.